Doguwar Wasiƙa: Wa Ya Taimaki Mai Takaba?

Yau ga mu da wani littafi daga ƙasar Senegal. Mace ce ta rubuta shi, sunanta Mariyama Ba. An haife ta a Dakar cikin 1929, ta yi aikin malamar lakwal, ta rasu cikin 1981. Littafin ya fito cikin 1979 da harshen Faransanci. Sunansa Une si longue lettre, wato Doguwar Wasiƙa. Cikin 1980 ya ci kyautar Noma, wadda a wancan lokaci ake ba littattafan da aka buga a Afirka. Shi ne littafin farko da ya ci ta. An juya shi cikin harsuna da yawa, har da Ingilishi da Wolof, harshen mutanen Dakar. Ana karanta shi a kwaleji da lise na ƙasashen Afirka da dama.

Masu ilimi da yawa sun yi magana kan wannan littafi. Galibinsu zancen kishiya suka kama, da zancen haƙƙin mata. Suna da gaskiya, duk akwai su a ciki. Amma akwai abin da ba a cika dubawa ba. Da mutuwa littafin ya fara, kuma matar da ke ba da labarin tana cikin takaba tun daga farko har ƙarshe. Don haka tambayar da za mu yi wa littafin ita ce: in mutuwa ta shiga gida, wa ke taimakon waɗanda aka bari, kuma da mi yake taimakonsu?

Labarin a taƙaice

Sunan matar Ramatulayi, wato Ramatu a bakinmu. Malamar lakwal ce a Dakar. Mijinta Modu Fal babban ma'aikacin gwamnati ne. Sun yi shekara 30 da aure, sun haifi ƴaƴa 12. Da aurensu ya kai shekara 25, sai Modu ya ƙara aure. Yarinyar da ya aura, Binetu, ƙawar ɗiyarsa ta fari ce, Daba, tare suke karatu. Ya kwashe ya koma wurin amarya. Bai saki uwargida ba, bai kuma riƙe ta ba. Haka aka yi shekara 5. Ran nan yana wurin aiki zuciyarsa ta tsaya, ya cika.

Ramatu ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10. Cikin wannan zama ta ɗauki kaye da alƙalami, ta shiga rubuta wa ƙawarta ta ƙuruciya wasiƙa. Sunan ƙawar Ayisatu, tana aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka. Wannan wasiƙa ita ce littafin duka.

Nan Mariyama Ba ta yi dabara. Mai takaba ba ta yawo, tana da lokacin tunani. Kuma abin da mace ba za ta faɗa gaban dangin miji ba, tana faɗa wa ƙawarta. Shi ya sa muke jin abin da ke cikin ran mai makoki, wanda masu zuwa gaisuwa ba su taɓa ji. Su dai sun ga mace zaune kan tabarma, kanta a lulluɓe, tana amsa gaisuwa. Mu masu karatu muna ganin tana ƙirga abin da ke shiga gidanta da abin da ke fita.

Gida cike da mutane

Farkon littafin ya fi ko'ina ƙarfi. An kawo likkafani, farin yadi mita 7, da ruwan Zamzam. An kai mamaci. Daga nan gida ya cika. Mutane sun zo daga ko'ina cikin ƙasa, don rediyo ya ba da sanarwa. An kawo amarya da uwarta gidan uwargida, don al'ada ta ce wuri ɗaya ake zaman makoki. Ran sadakar uku an ɗora manyan tukwane, an raba goro da biskit da alewa. Wajen maza shiru. Wajen mata kuwa ana hira, ana dariya, ana duban zanen juna ana tambayar inda aka saye shi. Da taro ya watse, sai ga bango duk maiƙo, ƙasa duk tofin goro da tarkacen takarda.

Sai zancen kuɗi. Ramatu ta ce a da hatsi ake kawowa, da shinkafa, da mai, da sukari, da nono, ko dabba. A zamaninta kowa takardar kuɗi yake miƙawa a gaban jama'a, kowa na so a ga ya fi wani. Ana rubuta abin da kowa ya bayar, don bashi ne, ran da ta same shi sai an mayar masa. Mata masu karatu, kun san wannan. Ɗan'uwan bikinmu ne, wanda in an kawo miki dala sai kin mayar da dala biyu.

Dangin miji su ma sun kawo nasu kuɗi da sunan tufafin takaba. Amma al'adar wurin ta ce kowace matar mamaci sai ta ninka abin da aka ba ta ta mayar. Da aka gama lissafi, dangin miji suka tashi da damin kuɗi. Matan da aka mutu aka bar musu marayu, su aka bari hannu wofi.

A nan Ramatu ta yi wani tunani mai nauyi. Ta ce da kuɗin da ake kashewa wajen ciyar da taron makoki an sayi magani da shi tun mutum na kwance, ko an biya masa asibiti, da wasu da aka binne suna nan da ransu. Wannan magana ba ta tsufa ba. Kowa ya duba garinsu.

Marubuciyar ba ta ce a bar gaisuwar mutuwa ba. Ramatu musulma ce mai riƙe da carbi, karatun Alƙur'ani da aka yi ran sadakar uku ya sanyaya mata rai. Abin da littafin ya nuna shi ne al'ada ta juye. An kafa ta don a ɗauke wa mai makoki kaya, ta koma ana ɗora masa. Malamanmu suna ba da labari cewa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya rasu wurin yaƙi, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa a dafa abinci a kai wa iyalinsa. Ke nan asali abinci shiga gidan makoki yake yi. A gidan Ramatu fita ya yi.

Ranar da aka buɗe takardu

Bayan taro sai aka zauna zaman gado. Dangi suka taru, aka buɗe takardun Modu. A nan asiri ya tonu. Babban ma'aikaci, mai albashi mai kauri, ya mutu bai ajiye ko dala ba. Abin da ya bari tulin takardun bashi ne: na masu yadi, na masu zinariya, na mai kanti, na mahauci, na mota.

Mariyama Ba ba ta ji kunyar kawo lissafi cikin littafin labari ba, kuma wannan yana cikin abin da ya sa muke yabonta. Ga abin da aka gani. Modu ya sama wa amarya babban gida daga kamfanin gidaje na SICAP, yana biyan jika 75 kowane wata, kuma sai an yi wajen shekara 10 ana biya kafin gidan ya zama nasa. Ya ci bashin banki miliyan 4, ya kai uwar amarya da mijinta Makka, yana sauya wa amarya mota. Da mi ya ci wannan bashi? Da gidan da Ramatu ke ciki da ƴaƴanta 12 ya yi jingina. Gidan nan kuwa da guminsu su biyu aka gina shi, albashinta da nasa. Amma sunansa kaɗai ke kan takardar gidan. Saboda haka ya jinginar da shi ba ta sani ba, kuma babu wanda ya tambaye ta.

Ku tsaya nan ku yi tunani. Ramatu ta yi karatu, har tana karantar da wasu. Duk da haka takarda ta ci ta, don ba ta nemi a sa sunanta ba lokacin da ake zaman lafiya. Yarda ta yi, kuma yarda abu ne mai kyau. Sai dai banki bai san yarda ba, sunan da ke rubuce ya sani.

A wannan zama mutum biyu suka zo da takarda a hannu. Ta farko uwar Binetu ce. Lokacin da Modu ya fitar da yarinyar daga lakwal, ya yi alkawarin ba ta jika 50 kowane wata kamar albashi, ya sa hannu. Tsohuwa ta fito da takardar, ta ce sai a ci gaba da biya daga cikin gado. Ta biyu ita ce Daba. Ran da ubanta ya rasu, tun ba a share hawaye ba, ta sa ma'aikacin shari'a ya je gidan amarya ya rubuta duk kayan da ke ciki, ya sa kwanan wata, ya buga hatimi. Da aka gwada takardarta da lissafin da ɓangaren amarya suka kawo, sai aka ga wasu kaya sun yi ƙafa.

Wani zai ce Daba ba ta da kunya. Ubanta na kwance ba a kai shi ba, ita tana ƙirgar kujeru. Haka mutane da yawa za su ce a garuruwanmu. Amma littafin ya sa mu tambayi kanmu: da ba ta yi ba fa? Uwarta na zaune kan tabarma, ba ta iya fita. Ƙannenta ƙanana ne. Kayan marayu na zubewa a kwanakin nan na farko, lokacin da kowa ke kuka, ƙofa a buɗe, ba mai lura da mai shiga da mai fita. Cikin ɗaruruwan da suka zo gaisuwa, yarinyar nan da takardarta ta fi su duka amfani ga uwarta. Daga baya ma ita da mijinta suka riƙe zancen gadon har aka gama shi.

Masu taimako da masu kama da su

Littafin ya jera mana mutane, kamar yana cewa mu auna su da kanmu.

Ga Tamsir, wan mamaci. Ran sadakar arba'in ya shigo ɗakin Ramatu tare da liman, ya ce in ta fita takaba zai aure ta. A bakinsa taimako ne, riƙon gidan ƙane ne. Amma yana da mata 3 da bai iya ci da su ba, su ke wahalar neman abin da za a ci. Gida ya hango, da albashin malama. Ramatu ta yi shekara 30 tana haɗiye magana, ran nan ta buɗe baki ta wanke shi sarai gaban liman. Wurin nan yana da daɗin karatu. Kuma ya nuna cewa ba duk mai cewa zai riƙe marayu ne ke nufin marayun ba. Ko a shari'a ma ba a neman auren mace a fili tana cikin takaba.

Ga kuma Maudo, likita, abokin mamaci. Shi ma yana da nasa laifi, don shi ne mijin Ayisatu da ya yi mata kishiya har ta bar shi. Amma duk lokacin da yaro ya kwanta ciwo a gidan Ramatu, ko da tsakar dare ne, in an kira shi yana zuwa. Marubuciyar ba ta mai da shi waliyyi ba, ba ta kuma hana shi ladan abin da ya yi ba.

Sai Ayisatu, wadda ake rubuta wa wasiƙar. Taimakonta ya riga mutuwar Modu. A shekaru 5 da ya yi watsi da gidan, Ramatu ta riga ta ɗanɗani zaman gwauruwa. Ita ke biyan kuɗin ruwa da na wutar lantarki, sau da yawa ita kaɗai ce mace cikin layi. Ita ke neman mai gyaran ƙofa da mai gyaran famfo. Ƴaƴanta na shan wahalar motar haya zuwa lakwal. Ta ba ƙawarta labari, ba da nufin roƙo ba. Ayisatu ba ta ce komi ba. Bayan ƴan kwanaki aka kira Ramatu kamfanin Fiat, aka ce ta zaɓi mota, an riga an biya. Ta koyi tuƙi, ta riƙa kai ƴaƴanta da kanta.

Ba kowa ke da kuɗin mota ba. Abin dubawa shi ne yadda Ayisatu ta yi. Ta saurara har ta gane inda ciwon yake. Ba ta ce in kina bukatar wani abu ki faɗa mini ba. Mai baƙin ciki ba ya iya faɗi, wani lokaci ma bai san abin da yake bukata ba. Ba ta kuma yi kyautar gaban taro don maroƙa su yi shela ba. Kuma abin da ta bayar ya sa ƙawarta ta tsaya da ƙafarta, bai mai da ita mai jiran hannun wani ba.

Inda littafin ya gaza

Yabo ba ya hana faɗin gaskiya. Akwai wurare uku da muke ganin littafin bai cika ba.

Na farko, bakin mutum ɗaya muke ji. Duk abin da muka sani game da Binetu, kishiyarta ce ta faɗa mana. Alhali Binetu ita ma mijinta ne ya mutu. Yarinya ce ƙarama, an fitar da ita daga lakwal ana gab da jarrabawa, ba ta da takardar shaidar karatu, ba ta da sana'a, ga ƴaƴa 3. Ramatu da Daba sun ce suna jin tausayinta, sun ce uwarta ce ta sayar da ita. Amma tausayin a baki ya tsaya. A ƙarshe gidan SICAP ya koma hannun Daba da mijinta, aka ce tsohuwa ta kwashe kayanta. Mai karatu yana jin daɗi, yana cewa alhaki ne. To, ƴaƴan nan 3 fa? Marayu ne kamar sauran 12, uba ɗaya. Littafin bai tsaya kansu ba. A shari'a, in mamaci ya bar ƴaƴa, matansa suna raba kashi ɗaya cikin 8 daidai wa daida, ba a duban wadda ta daɗe da wadda ta zo jiya. Ƴaƴan amarya kuma gadonsu ɗaya da na ƴaƴan uwargida. Wanda ya shiga zancen gado don ya taimaki ɗaki ɗaya ya danne ɗaya, bai gama aikin alheri ba.

Na biyu, Ramatu ƴar birni ce mai albashi. Tana da ɗiya mai ilimi, da suruki mai hali, da aboki likita, da ƙawa a Amurka. Ta sha wuya, amma tana da inda za ta dafa. Matar ƙauye ba ta cikin wannan littafi. Ba mu ga wadda mijinta ya rasu ana tsakiyar noma ba, ga gandu bai sha maimai ba, ga gamanarta ciyawa ta rufe. Ba mu ga wadda mijinta ya tafi ci-rani Abijan ko Legas, aka aiko da labari da ƴar jakarsa kawai ba. Ba mu ga wadda aka miƙo mata takarda aka ce ta dangwala yatsa, ba ta san abin da ke ciki ba. Mariyama Ba abin da ta sani ta rubuta, ba mu ce ta yi ƙarya ba. Amma mai karatu na karkara ya sani cewa rabin labarin ne ya samu.

Na uku, wani lokaci Ramatu takan bar labari ta shiga wa'azi, kan siyasa, kan tarbiyya, kan zamani. Maganganun suna da ma'ana, sai dai suna da tsawo, kuma Faransancin yana da nauyi. Inda ta ce jika 75, ko ta nuna mana bango mai maiƙo, nan ta fi kama zuciya. Inda ta hau mumbari, mai sauraro yakan yi hamma.

Abin da ya shafe mu

Dakar na da nisa, amma addininmu ɗaya da mutanen littafin, takabarmu ɗaya, zaman gadonmu ɗaya. Abin da Daba ta yi da ma'aikacin shari'a, a ƙauye mai kaye da alƙalami yana iya yin irinsa. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci, ran da aka yi rasuwa a unguwarsu yana da abin bayarwa ko ba shi da ko dala.

Aiki na farko, a rubuta abin da mamaci ya bari tun da wuri, gaban liman da mai gari da wakilin kowane ɗaki. Gonaki nawa, a ina suke, wace ce ta gado, wace ce ta aro, wace ce ta jingina. Dami nawa ke cikin rumbu. Bisashe nawa ke gida, nawa ke hannun makiyayi. A karanta da ƙarfi kowa ya ji, shaidu su sa hannu. Wannan ba rashin kunya ba ne. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, bashi. Wanda mamaci ke bi da wanda ake bin sa, duka a rubuta. Malamai sun jera yadda ake fitar da dukiyar mamaci: kuɗin likkafani da kabari, sannan bashi, sannan wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin 3 ba, sannan a raba wa magada. Ba a ce a fara da shinkafar baƙi ba. Ku tuna kuma ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Na uku, takardar rasuwa. Dokar da aka yi a Nijar cikin 2019 ta sa wa'adin kwana 60 don a sanar da haihuwa ko aure ko rasuwa. Ana sanarwa a asibiti, ko wurin mai rubuta sanarwa na gari, takarda ta fito daga gidan magajin gari, wato meri. In wa'adi ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali, ga tafiya, ga shaidu, ga ɓata lokaci. Ku lura da lissafin: kwana 60 suna cika tun mace ba ta fita takaba ba. Ke nan in wani bai tashi ya je ba, lokaci zai wuce tana zaune. Wannan tafiya ta fi goro.

Na huɗu, in mamaci ma'aikaci ne, ko yana da ajiya a banki, ko yana da haƙƙi a asusun ma'aikata na CNSS, ba a ba kowa kuɗi da baki. Za a nemi takardar rasuwa, da ta aure, da takardun haihuwar yara. Za a nemi dangi su zauna su zaɓi wakilin magada, alƙali ya tabbatar. Mai taimako ya tara takardun nan wuri ɗaya cikin leda, inda ruwa da gara ba su kai. In zai raka mai makoki ma'aikata, ya karanta mata kowace takarda kafin ta sa hannu. Kada ya riƙe takardun a gidansa kamar nasa.

Na biyar, gona. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye, waɗanda ake ce wa Kofo, daga baya aka kai su har ƙauyuka. Suna ba da takardar shaidar saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta jingina. Abin da ya sami Ramatu da gidanta yana samun mata da marayu da gonakinsu. Tun mai gida na da rai ya kamata a yi takardar nan. In kuwa ya riga ya tafi, kada a bari damina biyu ta wuce gonar marayu na hannun wani ba shaida.

Akwai kuma aikin da ba ya son alƙalami. Samari su yi gayya su nome gonar mai takaba. Maƙwabta su ɗebo ruwa, su kawo itace, su yi daka. A kai yaro asibiti, a duba ko ƴan lakwal sun koma aji. A yi wannan bayan sadakar bakwai, bayan ta arba'in, lokacin da tabarmi suka naɗe, baƙi suka koma gidajensu. A lokacin ne gida ke yin shiru, a lokacin ne kuma masu bin bashi ke sallama.

Hukuncinmu

Doguwar Wasiƙa littafi ne da ya cancanci sunan da ya yi. Ƙarami ne, ana iya gama shi cikin ƴan darare. Ya faɗi abin da ake jin nauyin faɗi: taron makoki yana iya cinye gidan da ya zo yi wa gaisuwa, kuma wanda ya ƙirga, ya rubuta, ya tsaya layi, shi ma ta'aziyya ya yi, wataƙila ma tasa ta fi daɗewa. Laifinsa shi ne ya manta da marayun ɗaya ɗakin, kuma bai leƙa ƙauye ba.

In akwai ɗan kwaleji ko mushen lakwal a garinku, ku roƙe shi ya samo littafin, ya riƙa karanta muku yana juyawa da Hausa, ko da farkonsa ne kawai, daga rasuwar Modu zuwa zaman gado. Maza su ji, mata su ji. In an gama ku tattauna: a rasuwar da aka yi ta ƙarshe a garinmu, nawa aka kashe wajen baƙi, nawa ya rage wa marayu? Wa ya je meri? Wa ya rubuta gonaki? Labarin matar ƙauye mai takaba kuwa, wanda Mariyama Ba ba ta rubuta ba, ku kuka san shi, kuma yanzu kun iya riƙe alƙalami.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari da gaskiya. Amin.